Ƙwaryar Gidan Dabgi

A wani daji da ke gindin wani jan dutse, akwai gidaje huɗu da sana'arsu ita ce narka tama su fitar da ƙarfe. Duk fartanya da gatari da allurar da ake amfani da su a dajin, ƙarfensu daga tanderun waɗannan gidaje yake fitowa. Gidan Beguwa ne a gabas, na Dabgi a arewa, na Gyado a yamma, sai na Gafiya a gangare, wanda shi ne ƙarami kuma sabo. Kowane gida yana da ma'aikata tsakanin talatin zuwa arba'in: masu ɗauko tama, masu gawayi, masu zuga, masu fasa ƙarfe.

Aikin tanderu aiki ne mai haɗari, kuma dabbobin sun san haka. Shi ya sa tun zamanin iyayensu suka kafa Majalisar Tanderu, suka naɗa Gauraka shugaba, suka kuma ƙago al'adar ƙwarya. A ƙofar kowane gida an kafa turke, an ɗora babbar ƙwarya a kai. Kullum da la'asar Shirwa, 'yar aiken majalisa, takan zaga gidajen huɗu, ta jefa 'yar farar tsakuwa guda a kowace ƙwarya, shaidar an wuni lafiya. Idan kuwa haɗari ya auku, doka ta ce maigidan ne da kansa zai ɗauki ƙwaryarsa ya kai gaban majalisa, ya faɗi abin da ya faru, ya kife ta da hannunsa, a sake ƙirga daga farko. Ƙarshen shekara, gidan da tsakuwarsa ta fi yawa shi ake ba Farar Tuta ya kafa a ƙofa, kuma wurinsa maƙera suke fara zuwa.

Waɗanda suka kafa wannan al'ada alheri suka nufa. Sun yi tunanin duk maigidan da ke jin kunyar kife ƙwarya a bainar jama'a zai sa ido a kan tanderunsa. Abin da ba su hango ba shi ne akwai hanya mafi sauƙi ta hana ƙwarya kifewa, kuma ba a daɗe ba kowa ya gano ta. A shekarar da wannan abu ya faru, Beguwa ta yi shekara tara ba ta kife tata ba, Dabgi takwas, Gyado bakwai, Gafiya biyu, wato tun buɗe gidanta. Farar Tuta ta daɗe a ƙofar Beguwa har baƙi sun ɗauka gadonta ce.

A wannan shekarar ce tamar jikin dutse ta ƙare, aka buɗe sabon rami a bakin fadama. Tamar fadama tana da nauyi, tana da ƙarfe da yawa, in an taɓa ta kuma a bushe take ƙamas. Aibinta a ciki yake. Tana riƙe danshi a tsakiyarta, inda ido ba ya kai wa.

Gidan Beguwa ne ya fara sanin haka, ko kuma haka ita ta zata. Wata Laraba da hantsi, tanderu ya yi ja, aka juye masa kwandon tamar fadama na uku. Sai aka ji ƙara kamar tsawa. Gefen tanderun ya tsage, narkakken ƙarfe ya fantsamo ya sami Damo, tsohon mai zuga, tun daga kafaɗa har gindin wutsiya. Da kwando na huɗu ya riga ya shiga, da ba a sami mai ba da labari ba.

Beguwa ta san aikinta. Ita da kanta ta yi wa Damo magani, sannan ta ɗauki guduma ta farfasa sauran tamar, ta ga cikinta a jiƙe. Nan take ta gane: danshin ne ya koma tururi a cikin wuta, ya rasa mafita. Daga baya ta gwada ta gano maganin abin, kuma ba mai wuya ba ne. A farfasa tama ƙanana, a shanya ta kwana bakwai, shi ke nan.

Amma a ranar, kafin a gama share toka, la'asar ta yi. Shirwa ta sauka a kan turke da tsakuwa a ƙafa.

"An wuni lafiya, mai Tuta?"

"Lafiya lau," in ji Beguwa.

"Da hantsi na ji wata ƙara daga wajen nan."

"Itace ne ya faɗi a bayan gida."

Shirwa ta dubi bayan gida, inda babu itace ko ɗaya. Ta saki tsakuwar, ta tashi. Aikinta jefa tsakuwa ne.

Beguwa ta koma ciki ta tsuguna kusa da Damo, ta ce in an tambaye shi, ya ce tukunyar kunu ce ta kife masa.

"Uwar ɗakina," in ji Damo, yana nishi, "shekara talatin ina zaune a bakin wuta ba ta taɓa ni ba, yanzu in ce wa jikokina kunu ne ya yi mini haka?"

"Na ɗan lokaci ne, Baba Damo. Saura wata huɗu rabon Tuta. In ya wuce, ni da kaina zan yi magana."

Damo ya juya fuskarsa bango. A gidan yake ci, a gidan yake jinya.

Bayan mako uku Dabgi ya zo. Shi da Beguwa tare suka koyi sana'a a hannun maigida ɗaya, kuma ba sa haɗuwa sai sun yi wa juna ba'a. Ya iske ta a ƙofar gida da la'asar, daidai lokacin da Shirwa ke zaune a kan turke tana gyara fuka-fukanta.

"Sarauniyar ƙaya! Har yanzu ba a sami mai rungumar ki ba?"

"Dogon hanci, kai dai ka shigo da sauran jikinka tukuna, mu gaisa."

Suka yi dariya. Dabgi ya leƙa zaure ya hango Damo kwance, an lulluɓe masa baya da ganye.

"Subhanallahi, me ya sami Baba Damo?"

"Kunu ne ya kife masa."

"Kunu? To a ba ni aron mai dama shi ta zo ta hura mini tanderu." Ya sake dariya, sannan ya sassauta murya. "Abin da ya kawo ni, 'yar'uwa. Tsohuwar tamata ta kusa ƙarewa, zan koma ta fadama. An ce ke kin fara narka ta. Yaya take a wuta? Akwai abin da zan kiyaye?"

Beguwa ta dubi Dabgi. Ta dubi ƙwarya, mai tsakuwar shekara tara. Ta dubi Shirwa, wadda ta daina gyaran fuka-fukai.

"Lafiya lau take," in ji ta. "Ƙarfe ne zalla."

"Madalla. Tun da ke kika faɗa, hankalina ya kwanta."

Ya yi sallama ya tafi yana kaɗa wutsiya.

Adalci ne a faɗi cewa Beguwa ta yi niyyar aika masa da saƙo. Washegari ta yi tunanin wanda za ta aika, ta ga duk wanda ta aika ya san sirrin gidan. Rana ta biyu ta tsara kalmomin da za ta faɗa ba tare da ta ambaci tanderunta ba, ta ga Dabgi ba wawa ba ne, zai tambaye ta yadda aka yi ta sani. Rana ta huɗu ta kama hanyar arewa da ƙafarta, ta kai mararraba, ta haɗu da Gyado, ya tambaye ta ina zuwa, ta ce iska take sha, ta juyo. Daga nan ta gaya wa kanta cewa Dabgi tsohon hannu ne, zai fasa dunƙule ɗaya ya duba kafin ya zuba.

Rana ta tara, Juma'a da hantsi, tanderun gidan Dabgi ya tarwatse. Kwando shida aka juye masa a jere. Ƙarar ta kai har gangare. Wuta ta kama rumbun gawayi, ta cinye gidan kafin azahar. Dabbobi ashirin da uku suka mutu, har da Dabgi, wanda yake tsaye a bakin tanderun. Goma sha ɗaya suka jikkata. Abin da ya tsira a gidan shi ne turken ƙofa da ƙwaryar da ke kansa, domin suna nesa da wutar.

Bayan sadakar uku majalisa ta zauna a gindin kuka, jama'a suka cika fili. Gauraka ya miƙe, ya gyara tukkunsa, ya ce:

"Jama'a, mun taru a kan babban rashi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba waɗanda suka ji ciwo lafiya. Ina so a tuna cewa wannan daji yana da tarihi mai kyau a sha'anin tanderu. In aka haɗa gidajen nan huɗu, shekara ashirin da shida ke nan ba a kife ƙwarya ba. Babu dajin da zai nuna irin wannan. Saboda haka abin da ya faru ranar Juma'a ya zo mana babu wata alama, babu gargaɗi, babu wani rahoto da ya gabace shi. Majalisa za ta bincika a natse. Duk mai magana ya yi a taƙaice, kuma kada a zargi kowa."

Gyado ya fara tashi, ya goga haurensa a ƙasa, ya ce:

"Ranka ya daɗe, ba na son faɗin aibin mamaci, amma gaskiya ɗaya ce. Marigayi mutumin kirki ne, sai dai akwai gaggawa, akwai kuma sakin fuska da ma'aikata. Kullum ka wuce gidansa dariya kake ji. Wurin wuta ba wurin dariya ba ne. A gidana mai zuga ba ya ɗaga kai sai na ce ya ɗaga. Shi ya sa shekara bakwai ko yatsa ba a ƙone ba. Ni a ganina masu zugarsa ne suka yi wasa, wuta ta fi ƙarfin tanderu. Sauran kuma ƙaddara ce, wa ya isa ya yi jayayya da ita? Shawarata a ƙara tsananta wa masu zuga, a kuma ƙara girman Tuta, don gidaje su ƙara himma."

Wasu suka gyaɗa kai. Masu zugar da ake magana a kansu duk suna cikin ashirin da ukun.

Matar Dabgi tana zaune a gefe cikin mata. Aka ba ta dama, ta ce ba tare da ta tashi ba:

"Ni ban san tanderu ba. Na dai san bai taɓa zuba sabuwar tama bai tambaya ba. Ya ce mini ya tambaya."

Ba wanda ya nemi jin wa marigayin ya tambaya. Gauraka ya yi mata ta'aziyya a karo na biyu. Beguwa tana zaune a sahun gaba, inda mai Tuta ke zama, kibiyoyin bayanta sun kwanta luf, idonta a ƙasa.

Sai Gafiya ta tashi. Ita ce ƙarama a cikin masu gidaje, ba ta kuma saba magana a majalisa ba.

"Ranka ya daɗe, tambaya gare ni, ba jawabi ba. Gobe da safe zan hura tanderuna. Tamar da ke gidana duk ta fadama ce, kwando sittin, irin wadda marigayi ya zuba. Ma'aikatana talatin da shida ne. In hura, ko kada in hura?"

"Majalisa ba ta da wani rahoto a kan tamar fadama," in ji Gauraka.

"Na ji. In hura?"

"Gidaje biyu sun narka ta, ga su nan zaune, ƙwaryarsu cike. Majalisa ba ta hana abin da ba a kawo ƙararsa ba."

Gafiya ta juya ta dubi Beguwa. "Yaya, ke kika fi mu sani. In hura?"

Beguwa ta buɗe baki, Gauraka ya ga rana ta take tsaka, ya ɗage zama zuwa bayan azahar. Ta rufe bakin, kuma ta ji daɗin ɗagewar. Wannan jin daɗin ne ya bi ta har gida.

Ta iske Damo a zaure yana ƙoƙarin tashi da sanda. Bayansa ya fara warkewa, fatar ta tattare kamar tsohuwar jaka.

"Ina za ka, Baba Damo? Ba a ce ka yi tafiya ba."

"Gangare. Ƙanena yana zuga a gidan Gafiya. An ce gobe za su hura."

Damo ya dubi fuskarta, ya ci gaba:

"Kada ki damu, uwar ɗakina, ba zan tona gida ba. Zan ce masa na yi mummunan mafarki, kada ya je aiki gobe. Yana jin maganata." Ya dogara sandar, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya. "Shi kaɗai zan iya yi wa mafarki. Sauran talatin da biyar ɗin ban san abin da zan ce musu ba."

Ya fita a hankali, yana jan ƙafa. Beguwa ta bi shi da ido har ya wuce turke. Sannan ta ɗaga kai ta dubi abin da ke kan turken.

Tsakuwar shekara tara tana da nauyi. Beguwa ta kasa ɗaukar ƙwaryar a ka, sai ta ɗora ta a kan buzu tana ja, ta hana ma'aikatanta taimaka mata, domin doka ta ce maigida da kansa. Daga gidanta zuwa gindin kuka dole a ratsa kasuwa. Masu sayar da gyaɗa suka daina ciniki suka bi ta da kallo. Lokacin da ta iso, an riga an koma zama, Gyado yana bayani a kan girman da ya kamata sabuwar Tuta ta yi. Ya yi shiru a tsakiyar magana.

Beguwa ta ajiye ƙwaryar a gaban Gauraka, ta jira numfashinta ya dawo, ta ce:

"Ranka ya daɗe, na kawo rahoto, ya makara da kwana talatin da uku. Ranar Laraba, wata guda da ya wuce, tanderuna ya tsage a kwando na uku na tamar fadama. Damo ya ƙone daga kafaɗa zuwa wutsiya. Ni na sa shi ya ce kunu ne. Na ce wa Shirwa itace ya faɗi. Tamar tana da danshi a ciki, in ta shiga wuta sai ta fashe. Maganinta a farfasa ta ƙanana, a shanya kwana bakwai. Na san wannan tun kafin Dabgi ya zo ƙofata. Ya zo, ya tsaya kusa da wannan ƙwaryar, ya tambaye ni ko akwai abin da zai kiyaye. Na ce masa lafiya lau take. Ni ce wadda ya tambaya. Masu zugarsa ba su yi wasa ba. Kwana tara nake da su, ban je ba. Gafiya, kada ki hura."

Ta sa hannu biyu ta kife ƙwaryar. Tsakuwa ta zube, ta gangara har ƙarƙashin ƙafafun na sahun gaba, wasu suka ɗage ƙafa. An daɗe ana jin ƙarar kafin ta ƙarshe ta tsaya.

Matar Dabgi ce ta fara magana. Muryarta ba ta tashi ba.

"Ranar ya dawo gida yana dariya. Ya ce mini wai a gidanki akwai kunun da ya fi tanderu zafi. Har da dare ya sake maimaita wa yara." Ta gyara mayafinta. "Da kin raka shi taku goma, kin faɗa masa a kunne. Ba mai yawan magana ba ne a kan sirrin mutane."

Beguwa ta sunkuyar da kai.

Gafiya ba ta yi godiya ba. Ta matso ta ce, "Kwana bakwai kika ce, Yaya?"

"Bakwai. In rana ba ta da ƙarfi, tara. Kada dunƙule ya wuce girman goro."

"Girman goro." Gafiya ta maimaita, ta juya ta ce wa babban ma'aikacinta ya ruga gangare, a kwashe gawayin da aka jera a tanderu, a fito da duk gudumar da ke gidan.

A nan ne Shirwa, wadda ke kan reshen kuka, ta yi magana kamar mai tunani da ƙarfi.

"Ashe shi ya sa. Ni dai ina ta mamakin shanyar da nake gani a bayan katangar gidan Gyado."

"Wace shanya?" in ji Gafiya.

"Tama, an farfasa ta ƙanana, an baza a rana. Wata uku ke nan, tun makon da aka buɗe ramin fadama. Ranar da aka fara ma na ga an sake rufin rumfarsu."

Wata uku ya fi kwana talatin da uku. Jama'a suka yi wannan lissafin a zuci, duk suka juya wajen Gyado. Beguwa ma ta ɗaga kai a karon farko.

"Me ya hana ki faɗa?" in ji Gauraka.

"Ranka ya daɗe, ba a taɓa tambaya ta abin da na gani ba. Tsakuwa aka ba ni."

Gyado ya hura hanci. "Shanya al'adar gidanmu ce tun kakanni, muna son tama mai tsabta. Rufin rumfa kuwa gara ce ta ci. Abin da ya faru a gidana ba haɗari ba ne, tanderu ne ya ɗan yi tari, kuma babu wanda ya ji ciwon da za a kira ciwo. Wanda ke da abin kifewa ya kife. Ni ƙwaryata tana nan daram."

Ba a iya tilasta masa ba. Doka ta ce maigida da hannunsa.

Kafin a tashi, Gafiya ta kawo shawara: duk ranar kasuwa masu gidaje su zauna, kowa ya faɗi abin da ya kusa faruwa a tanderunsa, ba tare da an kife ƙwaryar kowa ba. Gauraka ya yaba da shawarar ƙwarai. Ya ce sai dai tana buƙatar gyaran doka, gyaran doka kuma ba ya yiwuwa sai masu gidaje huɗu sun hallara, yanzu kuwa uku ne. Matar Dabgi ta ce to a bar ta ta je ta kife ƙwaryar mijinta, ta gaji da ganinta a kan turke. Gauraka ya nuna mata juyayi, ya karanta mata dokar: maigida da kansa, da hannunsa. Ta tambaya ko za a iya gyara wannan. Ya ce za a iya, in masu gidaje huɗu sun hallara.

Majalisa ta yanke hukunci biyu. Na farko, an tsawata wa Beguwa saboda jinkirin rahoto, an sauke Tuta daga ƙofarta, an ajiye sai ƙarshen shekara. Na biyu, an kafa kwamitin nazarin tamar fadama, aka naɗa Gyado shugaba, saboda a cikin masu narka ta shi kaɗai ne ba shi da tabo.

Gafiya ta hura tanderunta bayan kwana tara. Ma'aikata talatin da shida suka shiga da safe, talatin da shida suka fita da yamma. Ba wanda ya lura, domin babu abin lura a ranar da ba a mutu ba.

Maƙera suka rage zuwa gidan Beguwa. A kasuwa ana kiransa gidan haɗari, tun da shi kaɗai aka taɓa jin ya yi. Ita kuwa da ta ga ba ta da sauran abin kifewa, sai ta ɗauki wata ɗabi'a. Duk ranar kasuwa takan shimfiɗa buzu a gindin kuka, ta faɗi abin da ya faru a tanderunta cikin makon: igiyar kwando da ta kusa tsinkewa, tsagar da aka gano a gindin tanderu, mai gawayin da hayaƙi ya sa ya faɗi. Ba ta ƙawata magana, ba ta ɗaga kai sosai. Damo yakan zauna kusa da ita, bayansa a buɗe, in yara sun tambaye shi ya gaya musu gaskiya. Gafiya takan zo ta saurara, wata rana ita ma ta faɗi nata, ta kife 'yar ƙwaryarta sau biyu kafin kaka. Gyado bai taɓa zuwa ba. Matarsa ce dai ta koma sayar da ƙuli-ƙuli a daidai wurin, ko da yake ba a ciniki a nan, kuma an lura duk abin da Beguwa ta faɗa, bayan kwana biyu sai a ga an gyara irinsa a gidan yamma.

Matar Dabgi takan wuce ta wurin da tallar daddawa. Ba ta tsayawa. Beguwa takan yi shiru har ta wuce, sannan ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Shirwa kuwa ba ta fasa aikinta ba. Kullum da la'asar tana zaga gidaje huɗu. A arewa takan sauka a kan turken da ke tsaye shi kaɗai a gaban toka, ta jira kaɗan ko maigida zai fito da rahoto, sannan ta saki tsakuwa.

Ƙarshen shekara majalisa ta zauna rabon Tuta. Aka ƙirga a gaban jama'a, sau biyu, don kada a yi zalunci. Ta Beguwa ko gindin ƙwarya ba ta rufe ba. Ta Gafiya ba ta ma kai ta Beguwa ba. Gyado ya zo da sabuwar riga, ya riga ya sa an haƙa ramin kafa sanda a ƙofarsa. Tsakuwarsa ta shekara takwas ce. Ta gidan arewa ta shekara tara ce cif, ba a taɓa kife ta ba.

Gauraka ya daɗe yana duban dokar. Sannan aka ɗauki Farar Tuta, sabuwa, wadda aka ƙara wa girma bisa shawarar Gyado, aka kai ta arewa, aka kafa a gaban kangon, inda ciyawa ta fara tsirowa a kan toka. Ba a yi kiɗa ba. Waɗanda suka raka ta suka dawo kowa yana duban ƙafarsa.

Tana can tana kaɗawa, kuma tun daga ranar ko ƙwarzane ba a sake samu a gidan ba.